Waken Sabha

Maigidana ne ya kawo irin waken nan daga Sabha, a ƙulle a ƙasan jakarsa tare da dabino da ƴan kayan yara. Ya yi shekaru yana aikin gini a can, ya ce kusan kullum da shi suke karya kumallo. A dafa shi ya yi luguf, a zuba mai da albasa da lemon tsami, a ci da burodi. Larabawa ful suke ce masa. Mu a gida waken Sabha kawai muke cewa. Ƙwayarsa babba ce, faffaɗa, kamar farcen babban yatsa, ba ta yi kama da kowane wake da na taɓa gani a kasuwar Dole ba.

Gidanmu yana gefen garin Damagaram, wajen da duwatsu suka fara yawa. Akwai ɗan fili a bayan ɗakina, tsakanin bango da turken awaki, inda muke shanya. Nan ya ce zai shuka. Na tambaye shi da wane ruwa, don duk wanda ya zauna garin nan ya san sai pampo ya kwana biyu bai ɗigo ba, mai garuwa ma sai ka yi ta jira. Ya ce ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka sun isa. Daga ranar aka ajiye tsohon bokiti a bakin ƙofa, kowa ya yi alwala a kansa yake yi.

Da sanyi ya fara shiga, ya kafce wurin, ya zuba takin awaki, ya jiƙa irin ya kwana a ruwa, sannan ya binne ɗaya-ɗaya, zurfin yatsa, da tazara tsakani. Ya kewaye da tsohon gidan sauro saboda kaji. Ya ce wannan wake ba ya shiri da zafi, in bai yi ƴaƴa kafin bazara ba, an yi wahalar banza.

Ya tsiro kuwa. Ba ya yaɗo kamar namu, tsaye yake tashi, karansa mai kusurwa huɗu, ganyensa da kauri, launinsa kamar an barbaɗa masa toka. Da ya kai gwiwa sai ya fara fure, fari da ɗigon baƙi a tsakiya kamar an sa masa kwalli. Da yamma ƙamshinsa har cikin ɗaki. Maƙwabta suna shigowa kallo. Yarana biyu ne a lokacin, babbar mace ce tana lakwal, wato makarantar boko, ƙaramin namiji, bai wuce shekara biyar ba. Shi ya fi kowa ɗokin shukar. Ya san wacce ta fi tsawo, ya san wacce ta fara fure, yana tashi daga barci can yake nufa ko wando bai sa ba.

Ana cikin haka aikin gini ya yi ƙasa a gari, aka samo wa maigidan wani a Dirku, can cikin sahara. Ban so ba. Lokacin da yake Sabha na saba da rashinsa, amma ban taɓa sabawa da hanyar ba. Daga Agadas in mota ta shiga rairayi babu rezon waya, babu mai ce maka ga inda suke. Mun sha jin motar da ta lalace aka tarar da mutanenta bayan ruwa ya ƙare musu, mun sha jin masu tare hanya. Ban ce masa kada ya tafi ba, don na san abin da ke cikin rumbu. Na dai haɗa masa kaya.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, ya kira ni bayan ɗaki ya tsugunna gaban shukar. Ya nuna mini yadda kowane tushe ya fito da rassa da yawa daga ƙasa, ya ce a bar uku ko huɗu masu ƙarfi, a cire sauran ƴan siraran, don ba abin da suke yi sai shan ruwa. Ya cire wasu a gabana da reza. Sannan ya kama kan wata shuka, inda sabon ganye yake a dunƙule, ya buɗa mini. Wasu ƴan baƙaƙen kwari sun fara taruwa a ciki, ƙanana kamar ƙwayar taba.

Ya ce, "In kin ga furen ƙasa ya bushe, ɗan kwanso ya leƙo, ki kama kan nan ki tsinke, tsawon yatsa. Kada ki ji tausayinsa. In kin bar shi, tsawo zai yi ta yi, kwarin nan kuma su cinye shi."

Na ce to. Ya ce ganyen da aka tsinke ma ana ci, kada in zubar.

Ya tafi da safe. Ya kira ni daga Agadas ya ce suna jiran ayari ya haɗu, bayan nan shiru.

Kwanson farko ya leƙo bayan tafiyarsa da kwanaki kaɗan. Na tsaya gaban shukar da nufin tsinke kan, na kasa. Ban san inda na samo wannan tunani ba, amma sai na ji ba daidai ba ne in cire kan abu mai rai da mutum ya shuka da hannunsa, alhali shi yana tsakiyar sahara ban san halin da yake ciki ba. Na san shirme ne. Na yi istigfari, na koma ɗaki. Washegari na tarar kwarin sun rufe kan shuka biyu baƙi ƙirin, tururuwa na hawa da sauka, ganyen ya fara nannaɗewa. Sai na yi bisimilla na fara tsinkewa. Yana karyewa da ɗan sauti, ɗas, ruwansa ya jiƙa mini farce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kunnena yana kan wayar da na ajiye a kan bango. Masu kwari na binne su cikin toka. Masu kyau na wanke na yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Yaron ya ɗanɗana ya ce da ɗaci, ya ture.

Maigidan ya yi gaskiya. Bayan tsinkewar, kwansayen suka fara kumbura, dogaye, kore shar, in ka ɓare ciki fari ne mai laushi kamar auduga, ƴaƴan a jere. Har lokacin ba a kira ba. Na riƙa zuwa gidan matar direban motar da suka bi, ita ma ba ta ji komai ba. Sai mu zauna mu yi ta lissafin inda ya kamata a ce sun kai, kowa tana ƙarfafa ƴar uwarta da maganar da ita kanta ba ta yarda da ita ba.

Wata Juma'a na ga ƴaƴan sun ƙosa, na ce bari in dafa wa yara, ko na ɗauke hankalina daga waya. Muka zauna a tabarma muna ɓarewa. Yaron yana ɓarewa yana jefawa a baki ɗanye, ya ce kamar gyaɗa sabuwar tona. Na ɗanɗana, da ɗan zaƙi, na bar shi. Na dafa sauran da mai da albasa yadda ubansu ya kwatanta. Muka ci mu uku, yaron ya nemi ƙari, na ba shi.

Ranar Asabar da rana na ga bai fita wasa ba. Yana kwance a inuwar bango, ya ce cikinsa na ciwo, bayansa ma. Jikinsa da ɗumi. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ko da yake lokacinsa ya wuce, na ba shi maganin sauke zafi, ya sha kunu kaɗan ya amayar. Yayarsa garau, ni ma garau, don haka ko sau ɗaya ban kawo waken a raina ba.

Lahadi da safe ya ce zai yi fitsari, ya kasa zuwa makewayi, na kawo masa ɗan kwano. Da na ɗauka zan zubar na tsaya. Launinsa kamar shayin da aka manta a kan gawayi, ja mai duhu har ya kusa baƙi. Na fita da shi hasken rana na sake dubawa. Na dawo na ɗago fuskar yaron. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat, leɓɓansa kamar an shafa musu gari. Zuciyarsa tana bugawa da sauri har ana gani a wuyansa.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke ce wa Iya. Ita ta karɓi haihuwar yaran nan duka biyu, kuma tun da na zo unguwar ban taɓa yin wani abu ban tambaye ta ba. Ta shigo, ta duba idonsa, ta duba kwanon, ta ce shawara ce. Na ce zan kai shi asibiti. Ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Ƴar nan, mai shawara ba a yi masa allura. Kina kai shi za su soka masa, kuma kin san abin da ke biyo baya. Bari in jiƙo masa rawaya."

Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, tun ina yarinya nake ji. Kuma ba da mugunta ta faɗa ba, idonta ya kawo ruwa. Ta tafi ta jiƙo saiwar a ƙoƙo. Na zauna da yaron a cinyata. In na kai shi aka yi masa allura ya mutu, me zan ce wa ubansa? In na bar shi a gida ya mutu, me zan ce? Na danna lambar maigidan, na san ba za ta shiga ba, ban fasa ba. Muka ɗura masa jiƙon, ya haɗiye kaɗan, sauran ya zubo ta gefen baki.

Can ya ce in sauke shi zai tashi. Ya miƙe, ya yi taku biyu, sai ƙafafunsa suka naɗe ya zube kamar zane. Na ɗauke shi, kansa ya langaɓe a kafaɗata, ina kiransa ba ya amsawa. Daga nan ban ƙara tunanin allura ba. Na kira yayana, wanda ke ɗinki a Zango, na ce ya zo da babur yanzu. Iya ta ɗauko zane. Ita ta ɗaura mini shi a baya, ta sa ni na ɗauki kwanon fitsarin a leda, ta ce ƴar tana wurinta.

Ban iya tuna hanyar ba. Abin da na riƙe shi ne hannuna ɗaya yana baya a kan ƙirjinsa, ina neman bugun, in na rasa sai in ce wa Yaya ya ƙara wuta, in na samu sai in ce ya yi a hankali.

A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya karɓe mu, ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya dubi abokin aikinsa, sai na ga sun bar abin da suke yi. Wannan kallon ya fi komai tsorata ni. Aka kwantar da shi, aka ɗebi jini. Suka tambaye ni ko mai sikila ne, na ce a'a. Ko ya sha wani magani, na faɗi abin da na ba shi, har da rawayar. Gwajin zazzaɓi ya fito babu komai. Majo ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara masa yau, kuma irin nasa ya ƙare a ma'ajiya, sai mu nemo masu bayarwa.

Na miƙa hannuna. Aka gwada, suka ce ni kaina jinina bai isa a ɗiba ba. Na Yaya bai zo ɗaya da na yaron ba. Ya fita yana buga waya. Na koma bakin gado na riƙe ƙafar ɗana, sanyi ƙalau. Ya buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba, ya rufe. Akwai wata mata a gadon kusa da jikarta, ta ce in yi ta salati, na yi ta motsa baki amma ban san me nake faɗa ba.

Bayan azahar sai ga mijin Iya ya shigo da maza biyar ko shida daga masallacin unguwarmu. Ashe ita ta aika masa, ya tashi bayan sallama ya faɗa wa jama'a. Akwai mai shagon kusa da mu, akwai wani bakanon da ke sayar da atamfa a kasuwa wanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Aka gwada su, na mutum biyu ya dace. Na bakanon aka fara sawa.

Na zauna ina kallon jinin yana sauka ɗigo-ɗigo ta cikin siririyar roba. An soka masa allurar da aka ce tana kisa, ina gani, kuma kowane ɗigo sai na dubi ƙirjinsa in ga ko ya ɗaga. Ban sha ruwa ba, ban tashi ba, har ledar ta yi rabi. Sai ya motsa yatsun ƙafarsa a cikin hannuna.

Likitar ta zo wajen la'asar, mace ce, ba ta girme ni ba. Ta duba takardun, ta ce a nuna mata fitsarin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta zauna a gefen gadon ta ce in faɗa mata duk abin da ya shiga bakin yaron tun ranar Alhamis, kada in bar komai. Na fara: koko, tuwon gero, miyar kuka, fura, wake. Ta ce wane wake. Na ce wani ne ubansa ya kawo daga Sabha muka shuka a gida. Ta ajiye biro.

"Babba, faffaɗa? Ful?"

Na ce shi ne.

"Ɗanye ya ci ko dafaffe?"

Na ce duka biyu.

Ta ce a inda ta yi karatu, can arewa ƙasar Larabawa, duk lokacin da waken nan ya nuna sai an kawo musu yara a wannan hali, amma a nan ba ta taɓa gani ba, don ba a cin sa. Ta yi mini bayani a hankali. Akwai waɗanda ake haifa jininsu ba ya jure wasu abubuwa, suna lafiya lau har ranar da suka haɗu da abin. Wannan wake yana farfasa musu jini a cikin jiki, abin da na gani a kwano jininsa ne yake fita. Na ce ai ni da yayarsa mun ci, ubansa ya yi shekara da shekaru yana ci. Ta ce ya fi kama maza, kuma ta wajen uwa yake biyowa, uwar tana ɗauke da shi ba ta sani ba. Ta ce in ya warware za a yi gwajin da zai tabbatar, amma kada in jira gwaji: kada ya ƙara kusantar waken nan, kada a sa kafur a akwatin tufafinsa, kada a shafa masa lalle, kada a ba shi magani daga hannun masu talla sai likita ya gani. Waken gida ba komai, ya ci.

Na tambaye ta abin da nake ta riƙewa tun safe, ko zai tashi. Ta ce in fitsarin ya fara washewa kuma bai daina fita ba, to an wuce wurin. Ba ta ce mini e ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da aiki sai kallon fitsari. Na samo kwalba fara, duk lokacin da ya yi sai in ɗaga ta saitin taga. Da farko baƙi-baƙi, sannan kamar zoɓo, sannan kamar ruwan tsamiya. Wata rana da safe ya ƙi yi gaba ɗaya har rana ta take, na riƙa zarya tsakanin gado da teburin majo har ya gaji da ni ya ce in zauna. Da yaron ya ce zai yi, na riƙe kwalbar da hannu biyu. An ƙara masa jini sau biyu. A rana ta uku ko ta huɗu ya ce yana son tsire, matar gadon kusa ta yi dariya ta ce in tashi in gode wa Allah.

A ranar ne wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na fita baranda na ɗauka, sai muryar maigidan. Sun isa Dirku lafiya, motarsu ce ta lalace a hanya suka yi kwanaki suna jiran ƙarfen da za a gyara ta, wayarsa kuma ta mutu, ta wani ya ara. Yana magana da sauri don kada kuɗin mutum ya ƙare. Ya tambayi yara, kafin in amsa ya ce, yana dariya, "Kin dai tsinke kawunan ko? Sun yi ƴaƴa?"

Na jingina da bango. Na yi makonni ina jiran muryar nan, ga ta, na rasa ta inda zan fara. Na ce sun yi. Na ce muna asibiti, amma ya saurare ni har in gama, yaron yana raye, yanzu ma ya nemi tsire. Na faɗa masa duka. Ina jin iska da hayaniyar mutane a bayansa.

Ya ce, "Ni na kawo shi."

Na ce, "Malam, likita ta ce ta wajena abin ya biyo. Ba wanda ya sani."

Ya ce in kai wayar kunnen yaron. Ban ji abin da ya ce masa ba, na dai ji yaron yana cewa to, to, Baba. Ya so ya juyo a motar farko, na ce ya zauna ya yi aikin da ya kai shi, hanyar nan ba ta bi sau biyu a wata ɗaya ba ce. Ya zauna, amma kullum sai ya ari waya ya kira, kuma tambayarsa ta farko launin fitsari.

Da aka sallame mu, ban bari yaron ya shiga gida ba sai da na bar shi wurin Iya. Na zagaya bayan ɗaki. Ƴata ta riƙa ba shukokin ruwa duk kwanakin nan, don ba wanda ya ce ta daina. Sun yi kyau fiye da yadda na bar su, kwansaye sun yi nauyi har wasu rassan sun kwanta. Na ɗaure hannuna da leda na fara tugewa. Awakin suna ta miƙo wuya, na hana su, don ina tsoron kada ya bi ta nono. Ban ba kowa ba, don ban san ɗan wa zai ci ba. Na tara a buhu, Yaya ya kai bayan gari ya ƙone. Na share wurin, na tsince ko busasshen fure, na wanke tukunyar da toka har sau uku, daga baya ma na daina dafa abinci a cikinta. Na juye akwatunanmu duka na fitar da kafur, na shanya tufafin kwana da kwanaki.

Yaron ya warware a hankali. Ya yi wata yana gajiya in ya yi gudu kaɗan. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna abin da likitar ta faɗa. Ni ce ban warware da wuri ba. In ya dawo daga wasa sai na ja fatar idonsa na duba, har ya riƙa gudu in ya gan ni. In an kawo abinci daga gidan biki sai na tona shi da cokali. Da ya shiga lakwal na je na samu mushensu, wato malaminsu, na samu mai sayar da abinci a bakin ƙofa, na yi musu bayani har suka fara yi mini kallon wadda ta taɓu. Yanzu ya yi tsawo ya kusa kamo ubansa, shi da kansa yake gaya wa mai magani abin da ba ya sha.

Mahaifiyata ta zo daga Mirriya duba shi mako guda bayan fitowarmu. Ta kawo masa rake da goruba. Muka zauna a tsakar gida da hantsi, na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan maganar likita, cewa ta wajen uwa yake biyowa kuma maza ya fi kamawa, sai ta daina ɓare gyaɗar da ke hannunta. Ta ce in maimaita abubuwan da aka hana. Na maimaita. Da na ce kafur, ta ce in tsaya.

Ta ce tsakanin Yaya da ni akwai namiji. Na san an yi wani ya koma, amma ba a taɓa ba ni labarinsa ba. Ta ce lafiyayye ta haife shi, mai ƙiba. Ranar suna aka fito da kayan jarirai daga akwatin kakarmu, waɗanda aka adana tun na Yaya, suna ta ƙamshin kafur, aka sa masa, aka lulluɓe shi da zanen da ke ciki. Kwana biyu ya koma ruwan ɗorawa har tafin ƙafa, ya daina kama nono. Aka ce shawara, aka ce iska, wasu suka ce baki ne. Bai yi sati biyu a duniya ba.

Na ce, "Inna, ba lallai shi ne ba. Ba za a iya sani ba yanzu."

Ta ce ta sani ba za a iya ba. Ta daɗe tana kallon jikanta yana shan rake a bakin ƙofa. Sannan ta ce ƙanwata da ke aure a Hamdara cikinta ya tsufa, kuma akwatin nan yana wurinta, ita da kanta ta ba ta. Na ce ta kwana gobe mu kira ta. Ta ce ba maganar waya ba ce. Ta tattara ɓawon gyaɗar a gefen zanenta ta zubar, ta ɗauki mayafinta, ta ce in raka ta tasha kafin motar Mirriya ta cika, daga can za ta wuce Hamdara.